Injin da ke ɗaga kwantena: yadda aka ƙera shi da yadda yake aiki

Ƴan uwa manoma na Jiratawa, da Tibiri, da Maraɗi da kewaye, duk wanda ke zaune kusa da gudron ya san kwantena. Babban akwati ne na ƙarfe, wanda ake azawa bisa doguwar mota. Yadi, da taliya, da magunguna, da kayan babura, da injinan ban ruwa, da yawansu a cikinsa suke zuwa mana. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa ganin injin da ke ɗaga shi. A wannan karatu za mu duba wannan inji. Abin ya shafe mu, domin kuɗin ɗagawa da saukewa yana cikin farashin duk abin da muke saye. Kuma akwai rayukan ƴan dako da direbobi a ciki.

Mu fara da akwatin

Kwantena iri biyu aka fi sani. Akwai ƙarami, mai tsawon mita 6 da ɗan kai. Ƴan kasuwa na ce masa mai ƙafa 20. Akwai babba, mai tsawon mita 12 da ɗan kai, wato mai ƙafa 40. Fāɗinsu ɗaya ne, mita 2 da santimita 44. Tsayinsu ya ɗan wuce mita 2 da rabi.

Ƙaramin, ko babu komai a ciki, ya fi tan 2 nauyi. Babban ya kusa tan 4. In an cika, nauyin akwati da kaya gaba ɗaya yana iya kai kilo 30,480. Mu yi lissafi. Buhu mai kilo 100 nawa ke nan? Kimanin buhu 305. In amalanke tana ɗaukar buhu 10, sai an jera amalanke 30 kafin a kai nauyin kwantena guda.

Wani mai motocin dako a Amurka, Malcom McLean, shi ne ya fito da wannan hanya fili. A watan Afrilu na 1956 ya ɗora akwatuna 58 bisa wani jirgin ruwa, daga Newark zuwa Houston. Kafin nan, buhu-buhu ake loda jirgi, kamar yadda iyayenmu suka yi dakon gyaɗar Maraɗi da ka. Jirgi yakan kwana da kwanaki a tasha. A 1968 ƙasashen duniya suka daidaita awon kwantena. Shi ya sa akwatin da aka ƙera a Sin yake zama daidai bisa motar Maraɗi. Manyan jiragen ruwa na yanzu suna ɗaukar nauyin ƙananan kwantena fiye da 24,000 a tafiya ɗaya.

Ga abin da ya kamata kowa ya riƙe. Ƙarfin kwantena ba a rufinsa yake ba, ba a bangonsa yake ba. A kusurwoyinsa yake. Yana da ginshiƙi huɗu, kuma a ƙarshen kowane ginshiƙi, sama da ƙasa, akwai dunƙulen ƙarfe mai rami. Duka guda 8 ne. Ta waɗannan ramuka ake ɗaga shi, ta nan ake ɗaure shi bisa mota, ta nan kuma ake jera wani bisa wani. Rufin kuwa falle ne siriri.

Maƙullin da ke shiga ramin ɗan ƙarfe ne mai kai dogo-dogo. Ana zura shi a ramin, a murɗa shi kwata ɗaya na zagaye, sai ya tokare, ba ya fita. Wani injiniya mai suna Keith Tantlinger ya ƙirƙiro shi. Bai fi dunƙulen hannu biyu ba, amma irinsa huɗu ne ke riƙe tan 30 a sama.

A bakin teku

Ƙasarmu ba ta da teku. Shekaru da yawa kayan Maraɗi a Kwatano ake sauke su, su bi ta Paraku, da Gaya, da Doso, da Birnin Ƙonni, tafiyar fiye da kilomita 1,300. Daga 2023, da aka rufe iyakar Benin, kaya da yawa suka koma bi ta Lome da Burkina Faso. Hanya ta ƙara tsawo, kuɗin mota ya ƙaru.

A waɗannan tashoshi akwai injin da ya fi kowane girma. Yana tsaye bisa ƙafa huɗu a bakin ruwa, yana tafiya bisa layin ƙarfe kamar jirgin ƙasa. Hannunsa yana miƙewa har ya ƙetare fāɗin jirgi. Da lantarki yake aiki, da igiyoyin ƙarfe yake ɗagawa. Direbansa yana zaune can sama cikin ɗan ɗaki mai daɓen gilashi, yana duban ƙasa ta tsakanin ƙafafunsa. Gwani yakan sauke kwantena 25 zuwa 30 a awa ɗaya. An kafa irinsa na farko a Amurka a 1959. Yau kamfanin ZPMC na birnin Shanghai ne ya fi kowa ƙera su.

Wannan inji ba zai taɓa zuwa Maraɗi ba, sai in teku ta zo. Wanda ya shafe mu wani ne.

Mai dogon hannu

A tashoshi ana kiransa da sunansa na Turanci, rici-sitaka. Mu za mu ce masa mai dogon hannu. Mota ce mai taya 6, huɗu a gaba, biyu a baya. Tayar ta kusa tsayin mutum. Daga bayan motar wani hannun ƙarfe ya taso, ya bi ta saman ɗakin direba, ya miƙe gaba. A ƙarshen hannun akwai abin kamun kwantena. Kamfanoni irin su Kalmar, da Konecranes, da Hyster, da Liebherr, da Sany ne ke ƙera shi.

Irin wanda aka fi gani yana ɗaga tan 45. Yana jera kwantena biyar, wani bisa wani. Shi kansa nauyinsa wajen tan 70 ne. To, me ya sa aka yi shi da nauyi haka? Ba ɓarnar ƙarfe ba ce?

Dattawan da suka yi ban ruwa a bakin gulbi kafin zuwan famfo sun san amsar. Ku tuna jigo. Doguwar sanda ce bisa gwafa. A dogon ɓangaren akwai guga, a gajeren akwai curin laka. In babu lakar, guga cike da ruwa zai rinjayi sandar. Mai dogon hannu ma haka yake. Tayoyin gaba su ne gwafar. Kwantena shi ne guga. A bayan motar an ɗaure wani ƙaton dunƙulen ƙarfe, shi ne curin laka. Injin motar da tankin mai su ma bayan tayoyin gaba suke, suna ƙara nauyi. Bambanci ɗaya ne. A jigo, laka tana taimaka maka ka ɗaga guga. A wannan mota, dunƙulen ƙarfe yana hana ta kifewa ne ta gaba.

Yanzu ɗauki bokitin ruwa ka riƙe shi jikinka. Ba wuya. Miƙa hannunka gaba da shi. Ruwan bai ƙaru ba, amma ka ji ya fi ƙarfinka. Haka yake ga injin. Tan 45 ɗin nan sai in kwantena yana kusa da tayoyinsa, a layin farko. In ya miƙa hannu ya tsallake kwantena ɗaya, ya kai layi na biyu, wajen tan 30 kawai zai ɗaga. A layi na uku, wajen tan 15. Direban da bai san wannan ba, shi ne ke kifar da mota. Don haka aka sa ƙaramar kwamfuta a ɗakin direba. Tana auna nauyin kaya da nisan hannu. In abin ya kusa wuce iyaka, sai ta yi ƙara, ta tsayar da hannun. Akwai masu gaggawa da ke sa makanike ya kashe wannan na'ura don aiki ya yi sauri. Wannan ganganci ne, ba gwaninta ba.

Ina ƙarfin yake fitowa?

Injin motar mai shan gazuwal ne, mai silinda 6, ƙarfinsa ya haura doki 300. Bai fi injin babbar motar dako ba. To, yaya yake ɗaga abin da babbar mota ke nishi kafin ta ja?

Asirin yana cikin mai. Ba man da inji ke ƙonawa ba, wani mai ne daban da ke zagaya cikin tiyo. Duk wanda ya taɓa ganin yaron mota ya ɗaga mota da jak ya ga wannan dabara. Yana lilo da ɗan ƙarfe da hannu ɗaya, mota mai kaya tana tashi sannu sannu. Mai ba ya matsuwa. In ka tura shi ta ƙaramar kafa, dole ya tura abin da ke gabansa.

Injin yana juya famfo. Famfo yana tura mai cikin wasu manyan bututun ƙarfe guda biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, a ƙarƙashin hannun. Cikin kowane bututu akwai sandar ƙarfe mai faffaɗan kai. Mai na shiga, sanda na fitowa, hannu na tashi.

Mu sake yin lissafi, don misali. A ce famfo yana matsa mai da ƙarfin kilo 200 bisa kowane ɗan fili mai santimita ɗaya ta kowane gefe, wato kamar girman farce. A ce fāɗin kan sandar santimita 20 ne. Irin waɗannan ƴan filaye 314 ne a kanta. 314 sau 200 ya ba mu kilo 62,800. Kusan tan 63 ke nan daga bututu ɗaya. Biyu sun haura tan 125. Wani zai ce, ai tan 45 kawai ake so. I, amma bututun kusa da gindin hannun suke turawa, kaya kuwa can ƙarshe yake. Wanda ya taɓa ɗaga doguwar azara ta kusa da gindinta ya san dole a ninka ƙarfi.

Shi hannun, ba dunƙulen ƙarfe ba ne. Fallayen ƙarfe masu ƙarfi ne aka yanka, aka yi musu walda, suka zama dogon akwati mai rami a ciki. Karan dawa ma ƙarfinsa a bayansa yake, ba a tsakiya ba. Hannun gaɓa biyu ne, ƙarama cikin babba. Wani bututun mai a ciki yana tura ƙaramar waje in ana son tsawo.

Abin kamun da ke ƙarshen hannu yana buɗewa ya kai mita 12, ya tsuke ya koma mita 6. Yana juyawa, yana gusawa dama ko hagu, don direba ya saita shi ba sai ya motsa motar ba. Yana da maƙulli huɗu, ɗaya a kowace kusurwa. In ya zauna daidai bisa kwantena, fitila ta nuna, direba ya murɗa maƙullan daga inda yake zaune. An yi shi yadda maƙullan ba za su buɗe ba muddin kaya na rataye.

Wani abin lura: tayoyin baya ne ke juya motar, ba na gaba ba. In ta yi kwana, gindinta ne ke sharewa waje. Direba kuwa kwantena ya tare masa gaba. Gudunta bai wuce kilomita 25 a awa ba, amma mutum ba ya tsira in ta taka shi. Kada kowa ya tsaya bayanta. Kada kowa ya bi ta ƙarƙashin kwantena da ke sama, ko da na ƙiftawar ido ne.

Me ya sa ba a sayo shi a ajiye ko'ina?

Tsada ita ce ta farko, amma ba ita kaɗai ba. Babbar matsala ƙasa ce. In mai dogon hannu ya ɗaga cikakken kaya, nauyin da ke sauka bisa tayoyinsa na gaba yakan kai wajen tan 100. Ku gwada da dokar hanya. Ƙasashen UEMOA, har da Nijar, sun yi doka a 2005 cewa layin taya ɗaya na babbar mota kada ya ɗauki fiye da tan 12, mota mai layin taya 6 kuma kada ta wuce tan 51 gaba ɗaya. Kun ga ke nan wannan inji ba ya hawa gudron. Kwance shi ake yi, a kawo shi gunduwa-gunduwa, a haɗa shi a wurin aiki.

Wurin aikin ma sai an gina shi. A haƙe ƙasa, a zuba jar ƙasa da tsakuwa, a daddanne, a shimfiɗa kankare mai kauri ko tubalin siminti, a fitar da hanyar ruwa. Bisa rairayi irin namu, da damina, taya ɗaya na nutsewa kaɗan sai kwantena da ke sama ya karkace. Wanda ya sayi inji bai gyara fili ba, ya sayi doki ne babu turke.

Sai kuma zafi da ƙura. A watan Afrilu da Mayu zafin Maraɗi yana wuce digiri 40. Man da ke cikin tiyo yana tsinkewa in ya yi zafi, robobin da ke tare shi su lalace, ya fara yoyo. Da hunturu ƙura tana toshe lagireto da matatar iska. Ƙwayar rairayi in ta shiga cikin man, tana cin famfo kamar yadda tsakuwa ke cin haƙori. Masu kula da famfunan gandun noman rani na Jiratawa sun san irin wannan ciwon kai. Kullum da safe sai an duba mai da ruwa, a busa matata, a sa giris, a duba maƙullai ko sun tsage. Ɗan ƙarfe guda in ya lalace, babu shi a kusa, inji yakan yi makonni a tsaye.

Tayar ma abin tsoro ce. Iskar da ke cikinta ta ninka ta ƙaramar mota sau huɗu ko fiye. Mai faci ya sace iskar duka kafin ya taɓa ƙusoshinta. In ta fashe, kashe mutum take yi.

In babu inji, me ke faruwa?

Sai kwantena ya zauna bisa mota, ƴan dako su shiga su fito da kaya ɗaya ɗaya. Mota tana jira, direba yana jira. Shi akwatin kuwa ba na ɗan kasuwa ba ne, na kamfanin jirgin ruwa ne. An ba shi kwanaki ƙidayayyu ya maido da shi. Kowace rana da ta wuce, akwai tara. Ɗan kasuwa ba ya biyan wannan daga aljihunsa. Yana zuba shi bisa kuɗin kaya, mu ne masu biya a kasuwa.

Maƙwabtanmu na Najeriya sun buɗe tashoshin kwantena na kan tudu, nesa da teku: Kaduna a 2018, Dala ta Kano a 2023, Funtuwa a 2024. A irin wannan tasha ana sauke kwantena, duwan su duba, a ajiye, a sake lodawa. A watan Fabrairu na 2021 aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, ta Daura da Katsina da Jibiya, aka ba kamfanin Mota-Engil aikin. Duk ranar da jirgi ya fara sauke kwantena a Maraɗi, mai dogon hannu ne zai ɗauke su daga tarago ya aza bisa mota.

Ƴan dako za su ce, to, mu fa? Tambaya ce ta gaskiya. Injin akwati yake ɗagawa, ba ya shiga ciki. Cika kwantena da zazzage shi, a wurare irin namu, aikin hannu ne. Amma kada mu ɓoye, inda kwantena ya shiga, yawan masu dako a tashoshin teku ya ragu ƙwarai. Sabon aikin da ya fito shi ne na direba, da makanike, da mai walda, da mai rubuta lambobi. Duk suna bukatar karatu da lissafi.

Ga manoma kuma akwai wata riba. Akwatunan da suka kawo mana kaya, da yawansu fanko suke komawa. Ayarmu, da riɗinmu, da fatun jar akuyar Maraɗi suna iya cika su tun daga nan, a rufe, a sa hatimi, ba mai sake taɓawa sai a ƙasar mai saye. Buhu ba ya yagewa a hanya, ruwa ba ya taɓa shi. Sai dai a sani, tun 1 ga Yuli 2016 ba a ɗora cikakken kwantena a jirgin ruwa sai an auna shi, an rubuta nauyinsa na gaskiya.

Ku karanta ƙofar

Wanda ya yi yaƙi da jahilci yana iya karanta kwantena. A ƙofarsa ta dama, can sama, akwai baƙaƙe 4 da lambobi 7. Sunansa ke nan, babu wani mai irinsa a duniya. A ƙasa da su akwai awo. Inda aka rubuta MAX GROSS, iyakar nauyinsa ne da kaya. Inda aka rubuta TARE, ba "tare" ta Hausa ba ce, nauyinsa ne in babu komai a ciki. Cire na biyu daga na farko, ka sami nauyin kayan da aka yarda a zuba. Ku duba lambar da ke da KG a gefenta, ita ce kilo.

Mutane da dama a Maraɗi suna sayen tsohon kwantena su mai da shi shago ko rumbun ajiya. Ƙungiyar manoma ma tana iya yin haka don taki da iri. In za a sauke shi, a fitar da kaya tukuna. Kada a ɗaga cikakken kwantena da sarƙa huɗu da aka haɗa a ƙugiya ɗaya ta sama, domin sarƙoƙin suna jan kusurwoyin ciki, rufin ya lanƙwashe. A sa ƙugiya cikin ramukan kusurwa, ba a jikin ƙofa ba. A aza shi bisa dakali huɗu na siminti, ɗaya ƙarƙashin kowace kusurwa, a daidaita su. In kusurwa ɗaya ta yi ƙasa, akwatin ya murɗe, ƙofa ta ƙi rufuwa. A yi masa rumfa, don da bazara cikinsa tanda ne, iri yana mutuwa a ciki.

Wajen buɗe kwantena da ya zo daga nesa, a tsaya ta gefe, a buɗe ƙofar dama ita kaɗai a hankali, domin kaya kan jingina da ƙofa a hanya. Wasu kuma an sa musu maganin ƙwari mai guba kafin a rufe. A bar ƙofofin a buɗe iska ta shiga sosai kafin ɗan dako na farko ya sa ƙafa ciki.